Awo Uku da Farfesa Ya Ware

Akwai wani matashi da ake yi wa laƙabi da Farfesa. Ba farfesan gaske ba ne, ko difloma bai kai ga riƙewa ba. Mai kula da sito ne a wani shagon kayan gini, cikin buhunan siminti da rodi da gwangwanayen fenti yake yini. Abokansa ne suka maƙala masa sunan, don ko hirar ƙwallo ake yi sai ya kawo bayanin da ba wanda ya tambaye shi.

Shi ne auta a gidansu. Yayarsa ta yi aure a wani gari mai nisa, gidan ya rage daga shi sai Umma da Baba.

Baban tsohon direban bas ne. A tasha Sannu-Sannu ake ce masa, domin duk shekarun da ya yi a kan titi ba a taɓa ganin ya yi tsere da wani ba. Ba haɗari ne ya sauke shi daga mota ba, hawan jini ne.

Farfesa yana karatun ƙarshen mako. Maigidansa ya yi masa alkawari, ranar da ya kawo takardar difloma ranar zai bar ƙurar siminti ya koma ofis. Duk kwasa-kwasan ya haye, sai guda ɗaya da ya tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, wato ƙididdiga. Sau biyu yana faɗuwa. Waɗanda suka fara tare da shi sun gama sun bar shi da ƙannensu a aji. Wannan karon kuma shi ne na ƙarshe, in ya sake faɗuwa makaranta za ta sallame shi.

Wata rana malaminsu ya ce musu, "Ku daina haddace littafi kamar aku. Ku je gida ku nemi lambobi na gaske ku yi ta gwaji da su, ko da lambar takalman 'yan gidanku ce."

A makon ne kuma Yaya ta aiko da na'urar awon jini. Likita ya ce a riƙa auna Baba safe da yamma ana rubutawa. Ya kuma ja kunne, ya ce duk ranar da aka ga ya hau sosai, ko Baba ya ji baƙon abu a jikinsa, kada a jira ranar asibiti, a kawo shi.

Umma ta gwada ɗaura abin a damtse ta kasa. Farfesa ya karɓa, a ransa ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga lambobi har gida.

Da can tsakaninsa da mahaifinsa magana ba ta da tsawo. Yana yaro, kafin ya farka Baba ya fita, kafin ya dawo shi ya yi barci. Da ya girma kuma sai gaisuwa da "a dawo lafiya". Amma yanzu kullum da safe sai ya jawo kujera gaban gadon Baba, ya naɗe masa hannun riga, ya ɗaura, su zauna shiru suna sauraron na'ura tana hura iska. In ta gama, cikin lambobi biyun da take nunawa ya rubuta ta sama a littafinsa, da rana a gefe.

Baba ya fi kowa jin daɗin abin. Tun kafin ɗan ya fito daga wanka ya riga ya naɗe hannun rigarsa yana jira.

"Wai me kake yi da lambobin nan ne, kana ta jera su kamar mai duba?" ya tambaye shi wata safiya.

"Mod nake nema, Baba. Ita ce lambar da ta fi kowace yawan fitowa. Ka ga taka, ɗari da arba'in ce. Ta fito ta sake fitowa."

Baba ya bushe da dariya. "Au, tashar da aka fi sauka kenan! A hanyata rabin mota a bakin kasuwa suke sauka. Ashe tun kafin a haife ka na san mod, ba wanda ya ba ni satifiket."

"To fasentayil fa, ka san shi?"

"Wannan kuma sunan magani ne ko na aljani?"

Farfesa ya yi dariya har biro ya faɗi. "Ka ɗauka awo ɗari ne aka jera su kamar layin fasinja, daga ƙarami zuwa babba. Wanda ya tsaya na casa'in a layin, shi ne fasentayil na casa'in. Goma ne kawai suka fi shi, sauran duk ba su wuce shi ba."

"Ni dai in za ka sa ni a layi, ka sa ni a tsakiya," in ji Baba. "Na gaba shi ke fara cin karo."

Umma tana daga bakin ƙofa da kofin shayi, tana kallonsu tana murmushi. Rabon da ta ji dariyar su biyun a ɗaki ɗaya har ta manta.

Cikin ikon Allah karatun ya fara shiga. Abin da ya gagare shi shekara biyu, ya zo ya zauna masa daram. Aka yi gwaji a aji, Farfesa ya zo na ɗaya. Yaran da da suke yi masa kallon tsohon ɗan aji suka koma biyo shi da littafi.

Daga nan kai ya fara kumbura.

A sito, in lebura ya ce yawanci fenti fari aka fi saye, sai ya ce, "Ka ƙirga ne, ko bakinka ne kawai?" A gida kuwa, in Umma ta ce yau ta ga kamar jikin Baba ba daɗi, sai ya ce, "Umma, kamar ba hujja ba ce. Lamba ce ba ta ƙarya."

Makon jarabawa ya zo. Asabar za a yi ta. Farfesa ya ɗauki hutun Alhamis da Juma'a a wurin aiki don ya yi bita.

Ranar Litinin da yamma na'ura ta nuna ɗari da casa'in da biyar. Ya yamutsa fuska, ya ce batir ne ya yi sanyi. Ya canza batir, bai sake aunawa ba, don hankalinsa yana kan tsofaffin tambayoyin jarabawa. Talata abin ya sauko. Laraba da safe ya haura ɗari biyu. Alhamis da safe ma haka.

Ya rubuta su, don shi ba ya ƙin rubutawa. Amma ya ɗauki jan biro ya zagaye ukun. A aji an koya musu cewa akan sami lambar da ta yi nisa da 'yan'uwanta, malaminsu yana kiranta saniyar ware, kuma irin wannan takan ɓata lissafi.

Ranar Alhamis ɗin, yana tura babur ɗinsa zai fita wurin bita, Umma ta tare shi a bakin ƙofar gida. Murya ƙasa-ƙasa ta yi magana, don kada Baba ya ji.

"Auta, mu kai babanka asibiti yau."

"Me ya faru?"

"Jiya kofi ya suɓuce daga hannunsa. Ya ce hannun ya yi masa nauyi. Ga ƙeyarsa da yake ta riƙewa. Ɗazu ina yi masa magana ya ce biyu-biyu yake ganina, sai ya mai da shi wasa. Jikina bai ba ni ba."

Farfesa ya kafe babur, ya zaro littafi daga jaka. Ya buɗe shafin da ya jera awon duka daga ƙarami zuwa babba, tsaf kamar haƙoran mataji.

"Umma, duba nan. Awon da ya fi yawan fitowa ɗari da arba'in ne. Kashi casa'in cikin ɗari na duk awon da na yi ba su wuce ɗari da hamsin ba. Ga mai hawan jini irin Baba, wannan ba abin tayar da hankali ba ne."

"Waɗannan na jan biron fa?"

"Saniyar ware ce. Na'ura takan yi kuskure, ko mutum ya motsa. Guda uku ne kacal cikin wannan tarin. Ba a gina hukunci a kansu."

"Ni ban san saniya ba, ban san akuya ba. Mijina na sani. Likita kuma cewa ya yi in ya hau a kawo shi."

"Abin da nake karantawa kenan fa, Umma," ya ce, muryarsa ta ɗan ɗaga. "Ke tsoro kike bi, ni hujja nake bi. Don Allah ki bar wa masu abu abinsu."

Umma ta dube shi. Bai taɓa yi mata magana haka ba.

Jama'a, gaskiyar magana ita ce, a can ƙasan zuciyarsa Farfesa ya san abin da yake gudu. Ya san layin asibiti, ka je da safe sai la'asar. Ya san in aka ce a kwantar da Baba, shi ne mai jinya, bita ta tafi kenan. Ba lissafi ne ya hana shi zuwa ba. Ya riga ya yanke ba zai je ba, sannan ya nemo lissafin da zai tsaya masa.

Sai ga Baba ya fito yana dafa bango, da murmushi a fuskarsa. Ashe ya ji su.

"Ke dai akwai ki da tsoro," ya ce wa Umma. "Kwanciya na yi a kan hannun, shi ya sa. Bar yaro ya je karatunsa. Litinin ma rana ce, sai mu je. Ko ba haka ba, Malam Farfesa?"

"Haka ne, Baba. Litinin da sassafe."

"To, a dawo lafiya. Ka bi a sannu."

Ya tayar da babur ya tafi. Bai waiwaya ba, don ba ya son haɗa ido da Umma.

Ranar Asabar ko awon safe bai tsaya yi ba. Ya leƙa ɗaki, Baba yana kwance, ya ɗaga masa hannun hagu ya ce Allah ya ba da sa'a.

A ɗakin jarabawa aka ce kowa ya kashe waya. Da aka raba takarda ya duba, sai da ya kusa yin dariya a fili. Ga jerin lambobi, an ce a fitar da mod, a fitar da ta tsakiya, a fitar da fasentayil na casa'in. Abin da ya yi ta yi kullum a gaban gadon babansa. Biro ya riƙa gudu kamar ba shi ke riƙe da shi ba. Ya gama, ya sake dubawa, ya miƙa takarda tun wasu suna cizon biro.

Ya fito yana jin kamar ya tashi sama. Ya kunna waya don ya kira gida ya yi albishir.

Kiran Umma ne a jere, da na Yaya, da na maƙwabcinsu mai shago. Sai saƙo ɗaya daga mai shagon: "Ka same mu a asibiti. Baba ya faɗi."

Bai san yadda ya iso ba. Ya tarar da Umma a kan benci a baranda, da silifas ɗin wanke-wanke a ƙafarta, mayafinta a karkace. Ta ce Baba ya tashi zai shiga banɗaki ne ya zube. Ta yi ta kiransa, wayarsa a kashe, sai mai shago ne ya tare musu tasi.

A ciki Baba yana kwance, an sa masa robar iska a hanci. Bakinsa ya karkace gefe. Hannun dama, wanda Farfesa ya saba ɗaura wa na'ura, yana ajiye a kan zanen gado kamar ba nasa ba.

Likitar da ke aiki a ranar mace ce, da ka gan ta ka ga gajiya. Ta kira shi gefe ta ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Sannan ta tambaya ko ana auna shi a gida.

"Ana aunawa," ya ce da sauri. "Ni nake yi. Mafi yawan fitowa ɗari da arba'in ne, kuma kashi casa'in…"

"Littafin yana nan?"

Ya zaro ya ba ta. Ba ta tsaya a shafin da ya jera su tsaf ba. Ta koma shafukan baya, inda yake rubutawa kullum da rana a gefe. Ta bi da yatsa har ta zo kan jan biro.

"Waɗannan fa?"

"Sun yi nisa da sauran ne, shi ya sa na ware su."

"Duba ranakunsu."

Ya duba. Litinin. Laraba. Alhamis. Duk a mako ɗaya, a wannan makon.

Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. Da ya jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, ya bar ranakun a baya. A jerinsa ukun sun zama wasu 'yan tsiraru a ƙarshen layi. A jikin babansa kuwa, ƙararrawa ce take bugawa tana sake bugawa. Ya kuma tuna ƙarshen maganar malaminsu, wadda ya ji amma bai riƙe ba: kafin ka cire saniyar ware, fara tambayar abin da ya ware ta.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Lissafinka daidai ne," ta ce a hankali. "Amma jijiya ba ruwanta da awon da ya fi yawan fitowa. Ranar da ya fi hawa take fashewa."

Farfesa ya tambaye ta, "Likita, da an kawo shi ranar Alhamis fa?"

Ta rufe littafin ta miƙa masa. "Rai a hannun Allah yake. Ba zan ce maka da hakan ba ta faru ba. Amma da mun sami abin yi."

Baba ya yi 'yan kwanaki a gadon nan. Magana ba ta dawo ba. Farfesa bai koma sito ba, bai koma gida ba. Shi ke juya shi, shi ke goge masa jiki, shi ke jiƙa auduga yana shafa masa a leɓe. Wata la'asar da Umma ta fita alwala, ya durƙusa ya kifa kansa a gefen gado.

"Baba, ka yafe mini. Na gani, na kau da kai."

Hannun hagu ya motsa a hankali, ya sauka a kansa, ya tsaya a nan. Ko Baba ya ji abin da ya ce, ko kuwa hannun ne kawai ya sami wurin hutawa, har yau Farfesa bai sani ba.

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Yaya ta iso tana kuka, tana tambaya, "Wai ba a aunawa ne? Ba don haka na aiko da abin ba?" Farfesa ya sunkuyar da kai yana jiran Umma ta faɗa. Umma ta ce, "Ana aunawa. Lokaci ne ya yi." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, a ranar ko bayanta. Wannan shirun ya fi masa duka ciwo.

Bayan 'yan makonni, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gida ya yi faɗi. Shi da Umma suna ɗakin Baba suna ninke kayansa za a bayar. Wayarsa ta yi ƙara. Malaminsu ne, muryarsa cike da murna.

"Farfesa, yau sunanka ya bi ka! Sakamako ya fito. Duk ajin ba wanda ya kamo ƙafarka. Ka zo ka karɓi takardarka."

"Na gode, Malam," ya ce. Ya kashe wayar ya ajiye a kan gado.

"Wane ne?" in ji Umma.

"Malaminmu ne. Wai na ci."

Umma ta zauna a bakin gado da rigar Baba a cinyarta. Ta daɗe tana shafa wuyan rigar kafin ta yi magana.

"Alhamdulillahi. Da ya ji daɗi."

"Umma, ki daina rufa mini asiri. Ni na hana a kai shi."

"Ba kai kaɗai ba ne, Auta. Ni ma ƙafa gare ni. Da na tari tasi na sa shi a ciki, wa zai riƙe ni? Ganin kai ne mai karatu ya sa na raina abin da idona ya gani."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Kuma shi ma ya sani. Ranar Alhamis ɗin, kana fita ya koma ɗaki ya zauna, ya riƙe kansa da hannu biyu. Na ce mu tafi ko ba ka nan. Ya ce a'a, in aka kwantar da shi dole ka ji, in ka ji kuma ba za ka zauna jarabawa ba. Ya ce, 'Sau biyu yaron nan yana dawowa gida kansa a ƙasa. Ba zan zama dalilin na uku ba. Ki bari ya rubuta, kwana biyu ne, zan iya jira.'"

Farfesa ya zame daga tsaye ya zauna a ƙasa. Ya buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Umma ba ta ce ya yi shiru ba. Ta jawo kansa ta ɗora a gwiwarta, su biyu a ɗakin, rabin kayan a ninke, rabi a warwatse.

Darasi: Ilimi haske ne, amma in ya haɗu da girman kai da son zuciya sai ya zama mayafin rufe gaskiya. Kada ka yanke hukunci tukuna sannan ka nemo hujjar da za ta wanke ka. Abin da ya fi yawan faruwa ba shi kaɗai ke faruwa ba, wani lokaci alama ɗaya da ta fita daban ita ce gargaɗin. In iyayenka suka ce "ba komai", ka ƙara dubawa, domin sau da yawa ciwonsu suke ɓoyewa don kada su tare maka hanya. Jarabawa da aiki suna da madadi, uwa da uba ba su da shi. In kana da mai hawan jini a gida, ka bi maganar likita, kada ka ce sai Litinin. Ka tura wa ɗan'uwa ko aboki wannan labari, wataƙila akwai wanda yau yake buƙatar a ce masa tashi ka kai su asibiti. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya.